Kuɗin Tsattsewa

Shafi na 14

Masu cika min waya da "ina labari, ina labari", ku sassauta min don Allah, hannu biyu gare ni kamar kowa. Ke kuma baiwar Allahn da ta rubuto wai Mahrita taurin kai ne ke damunta, gyara zama ki karanta wannan tukuna.

*

Shinkafar da aka zuba wa Mahrita tun safe tana nan a kan kantar shago, ta huce, ko cokali ba ta sa ba. Tana zaune a shagon mahaifinta a tsakanin farfelolin jirgin ruwa da galan-galan na man inji, hular babur a kan cinyarta. A saman kanta kuwa, a hawa biyun nan da babu mai kwana cikinsu sai tsattsewa masu sheƙar da ake sayarwa da tsada don miya, lasifika na ta kukan tsuntsaye don jawo su kamar kullum, irin kukan da duk mutumin garin Sampit ya daina ji don sabo.

Maganar ma'aikaciyar ofishin haraji ce ta hana ta sakat tun jiya. Ta je cike takardar shekara ne kamar yadda ta saba, sai matar ta ɗago kai ta dube ta.

"Ba gidanku ne mai tsattsewa a bakin kogi ba? Ban ga kuɗin sheƙa a nan ba."

"Ai muna biyan nasu a ƙaramar hukuma, duk ɗiba."

"Wancan daban ne, 'yar'uwa. Wannan na duk abin da ya shigo hannunki ne, har da na tsuntsayen."

Wallahi Mahrita ba ta sani ba. Yadda ta tarar mahaifinta na yi haka ta ci gaba da yi, na shago kawai take rubutawa. Matar ba ta tsorata ta ba, amma ba ta ɓoye mata komai ba. In ta gyara da kanta tun ba a buɗe mata bincike ba, ciko za ta biya da ɗan abin da ya hau kansa. In kuwa ta tsaya aka riga ta, tarar da za ta biyo baya tana iya cinye gidan ɗungurungum. Ga shi gidan da shagon duk da sunanta suke, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Abah, mahaifinsu.

Tsanin ƙarfe ya yi ƙara. Yayanta Jumberi ne ke saukowa daga wajen tsuntsayen, fitila ɗaure a goshi, rigarsa duk kashin tsattsewa.

"Yaya, tsaya, magana gare ni."

"In dai ta jiya ce, na ba ki amsa."

"Ba ka ba ni ba. Tsaki ka yi ka haye sama."

"To ai tsakin ma amsa ne."

Duk wannan fa cikin raɗa suke yinsa. A gidan tsattsewa ba a ɗaga murya, ba a faɗa, ba a kuma ambatar yawan kuɗinsu da baki, wai in sun ji sai su yi ƙaura su bar ka da bango. Haka suka taso suka gani. Shi ya sa faɗan gidan mahaifinsu Haji Asnawi abin kallo ne: jijiyar wuya ta miƙe, ido ya yi ja, amma murya kamar ta masu gulma a gidan makoki.

Mahrita ta ce, "Yau zan koma in gyara."

"Ki gyara me? Wa ya ce ya lalace?"

"Hukuma."

"Hukuma ta aiko miki da takarda?"

"A'a."

"Ta turo mutum?"

"A'a."

"To ke wace irin mutum ce? Kura na barci, ki je ki ja mata wutsiya don ki tabbatar ko tana da rai?"

"Ai dama ba mutuwa ta yi ba, Yaya. Gara in same ta tana barcin da ta same ni ina nawa."

Jumberi ya cire fitilar ya ajiye a kan kantar. Ya ɗauki farantin shinkafarta ya hau ci a tsaye, ko kunya babu.

"Wannan kuɗin ba ciniki ba ne," in ji shi da baki cike. "Mu muka saya? Mu muka shuka? Tsuntsu ya zo don kansa, ya yi sheƙa da yawunsa, ya tafi. Kyautar Allah ce. A ina kika taɓa jin an biya haraji a kan kyauta?"

"Kyautar Allahn da kake ɗorawa a sikeli kana faɗa a kan giram ɗaya?"

"Ke!"

"Sassauta murya, za su ji ka."

Ya kalli silin da sauri, ya haɗiye sauran maganar tare da shinkafar. Ni dai da ina wurin da na yi dariya, amma Mahrita fuskarta ba alamar wasa.

"Abu ɗaya nake nema a wurinka," ta ce. "Kai ke kai wa Koh Aliong sheƙar, kai ka san nauyin abin da muka sayar a shekarun nan. Faɗa min in rubuta."

"Ba a faɗar wannan a ƙarƙashin rufin nan."

"Mu fita bakin ruwa."

"Na manta."

"Duka?"

"Duka. Kaina ba kwamfuta ba ne."

"Shi ke nan, ba komai." Ta miƙe ta ɗauki makullin babur. "Shi Koh Aliong ai ba ya mantuwa, ɗan kasuwa ne. Zan biya ta wurinsa ya faɗa min, daga can in wuce ofishin."

Kafin ta kai ƙofa ya sha gabanta. Farantin ma a kan galan ɗin mai ya dire shi, saura kaɗan ya kife.

"Ba za ki wurin Koh Aliong ba."

"Saboda me?"

"Saboda na ce."

"Matsa min."

"Rita, ni ne gaba da ke."

"Da haihuwa, ƙwarai. Amma in aka zo kama wani ba a tambayar wa ya riga wani zuwa duniya, sunan da ke kan takarda ake kira. Matsa."

Bai matsa ba. Sai a lokacin ta dube shi da kyau. Mutumin da ke hawa tsani cikin duhu yana ɓamɓaro sheƙa ko gezau, yau sunan Koh Aliong kaɗai ya sa shi tare ƙofa.  Wannan ba rowar haraji ba ce, akwai wani abu a ƙasa.

"Yaya, me ka yi?"

Ya kau da kai gefe.

"Cin kuɗin kake? In shi ne faɗa min, wallahi ba zan kai ka gaban Abah ba. Mu rubuta gaskiya kawai, sauran mu yi ta a tsakaninmu."

"Ni ɓarawo ne a idonki?"

"Ban ce ba. Tambaya na yi."

Ya ja hannunta, suka ratsa kicin suka fita baya, kan katakon da ake ɗaure kwalekwale. Kogin Mentaya ya cika, jiragen haya na ta wucewa da ƙarar injinsu. Nan kam ana iya magana da murya, amma shi sai tasa ta ƙara yin ƙasa.

"In kin je wurin Koh Aliong, abin da zai nuna miki ba na gidan nan kaɗai ba ne."

"Ban gane ba."

"Kin tuna shekarar da ya ce ba zai ƙara sayen sheƙa ba sai a hannun mai lambar haraji? Wai masu karɓa a wurinsa sun matsa masa?"

"Na tuna. Ka karɓi tawa ka kai masa."

"To duk layin nan ke kaɗai ke da ita."

Mahrita ta tsaya tana kallon bakinsa.

"Ci gaba."

"Acil Sinah ba ta da ita. Pak Darham ba shi da ita. Gidan liman, gidan masu gasa kifi, har na ƙarshe kusa da gada. Kowa tsoron ofishin nan yake kamar ofishin 'yan sanda. In ba a sayar wa Koh Aliong ba kuma sai 'yan kan hanya, su kuwa rabin kuɗi suke bayarwa."

"Yaya."

"Sai nake haɗawa da namu in kai."

"Da sunan wa?"

Ya juya yana kallon ruwa.

"Jumberi, da sunan wa?"

Rabonta da kiran sunansa gatsau tun suna yara. Ya amsa kamar mai ciwon haƙori.

"Da naki."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ta zauna daɓas a kan katakon da ke jiƙe. Jiya ta kwana tana lissafin yadda za ta sayar da sarƙarta da awarwaron aurenta ta biya cikon gida ɗaya. Ashe a idon hukuma ita ce attajirar layin, ita ke sayar da sheƙar gidaje bakwai tana rubuta cinikin farfela. Wa zai yarda kuskure ne? Ko ita aka ba wa labarin nan sai ta ce ƙarya ne.

"Shi Koh Aliong yana kai rahoton abin da ya saya?" ta tambaya.

"Ina jin yana kaiwa."

"Kana ji."

"Yana kaiwa."

"Wato suna da shi ke nan a can. Jira kawai ake wani ya buɗe ya duba."

"Shekara nawa ba a duba ba? Ba za a duba ba."

"Jiya mace ɗaya ta kalli fuskata ta gane gidanmu. Kai kuma kana ce min ba za a duba ba."

Ta miƙe, bayan siket ɗinta sharkaf da ruwa, ko ta kansa ba ta bi ba.

"Nawa suke ba ka?"

"Wane irin nawa? Taimako ne."

"Nawa?"

"Ɗan kuɗin sigari ne, in sun ga dama."

"Sannu da taimako. Ka jinginar da ƙanwarka da gidan ubanka a kan kuɗin sigari. Da ma mota ka saya, da na ce ka yi ciniki."

"Ki iya bakinki, Rita."

"Shekara da shekaru ina iya shi. Me ya tsinana min?"

Jumberi ya share fuska da gefen rigarsa. Ya sauko, ya dawo lallashi.

"To na ji, na yi kuskure. Amma ki tsaya ki yi tunani. In kin je, ɗayan biyu ne. Ko ki ce duk naki ne, ki biya na gida bakwai, wanda ko gidan nan aka sayar ban san ya isa ba. Ko kuma ki kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya."

"Ba zan ce nawa ne ba, don ba nawa ba ne. Namu zan biya har sisin ƙarshe. Sauran kuwa in an tambaye ni na waye, zan faɗa."

"Har Acil Sinah? Ƙanwar ubanki? Matar da ta binne miji ta binne ɗa, in ka cire tsuntsayen nan ko kuɗin gishiri ba ta da shi?"

"Su zo mu tafi tare. Wanda ya kai kansa ai ba a yi masa irin na wanda aka kamo. Zan zauna da kowa in cike masa, ko kwana za mu yi."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Ki je ki ce wa Pak Darham ya shiga ofishin gwamnati da ƙafarsa? Mutumin da ko asibiti sai an ɗaure shi? Rita, ba za su ce kin taimake su ba. Cewa za su yi 'yar Haji Asnawi ta sayar da maƙwabta don ta tsira da gidanta. Babu wanda zai ƙara taka shagon nan. In kin yi biki ke da kujeru za ku zauna."

Maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Ta san mutanenta. Amma ta kuma san ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma cibin nan nata ne za a gani ba na kowa ba.

"Zan shiga in faɗa wa Abah abin da ka yi, sannan in tafi."

"Ba sai kin wahalar da kanki ba."

"Me kake nufi?"

"Kina ganin ni kaɗai zan yanke irin wannan? Abah ne ya ce in yi."

*

Ɗakin Abah na kallon kogi. Yana kishingiɗe a kan kujerarsa ta kaba, hannun hagu a kan cinya kamar ba nasa ba, carbi a na dama. Tagar a buɗe take, kuma katakon da suka tsaya a kai yana ƙarƙashinta. Da ganin idonsa ta san ba abin da ya wuce masa.

Ta durƙusa a gabansa.

"Abah, gaskiya ne?"

Ya ɗaga kai a hankali. Magana tana yi masa wuya tun da ciwon ya same shi, kowace kalma sai ya jawo ta kamar guga daga rijiya.

"Ni... na ce."

"Me ya sa ba a faɗa min ba?"

"Na ɗauka... lamba ce kawai. Kamar... lambar gida."

Hawayen da ta riƙe a gaban Jumberi suka zubo. Shi ma ashe bai sani ba. Duk gidan babu wanda ya zauna ya shirya cutar wani, amma ga su a bakin rami.

"Sun zo nan," in ji shi. "Sinah... tana kuka. In ce... a'a?"

"Na gane, Abah. Ban ga laifinka ba. Amma yanzu mun sani, kuma wanda ya sani ba ɗaya yake da wanda bai sani ba. In na sake sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba, wannan kuma ƙarya ce da idona biyu."

"Kar... ki je."

"Abah."

"Kar ki... kira sunan kowa." Ya damƙe carbin, numfashinsa na fita da ƙyar. "Mutanen nan... su za su... ɗauki gawata."

Kukan lasifika na saukowa daga sama. Ta jiyo muryar Jumberi can cikin kicin, ƙasa-ƙasa, yana magana a waya da sauri. Ba ta bi ta kansa ba.

Tun da Mahrita ta yi wayo ba ta taɓa mayar wa mahaifinta magana ba. Ya ce ta bar karatu ta riƙe shago, ta bari. Ya ce gidan ya koma sunanta, ta karɓa. Yau kam ta buɗe baki.

"In aka karɓe gidan nan, Abah, daga ina za su ɗauke ta?"

Tsohon ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta ɓarin fuskar da ba ya motsi, ya tsaya a gemunsa. Ta jira ya ce je ki, ko da da kai ne. Bai ce ba. Ta jira ya sake cewa kar ki je, shi ma bai ce ba.

Ta kama hannunsa na dama ta ɗora a goshinta kamar yadda take yi duk za ta fita. Hannun bai janye ba, bai kuma shafa kanta ba irin na kullum.

"Ka yafe min. Gidanka nake so ka ƙarasa kwanakinka a ciki. In sun yi fushi ni za su yi wa, zan ɗauka."

Ta miƙe ta gyara ɗankwalinta. A kicin ta wuce Jumberi, ya yi saurin cusa wayar a aljihu.  Ta buɗe durowar kanta ta ɗauki katin shaidarta da 'yar jakar gwal ɗinta, ta sa hular babur a hammata, ta nufi ƙofar shago.

Tana ɗaga labulen ƙarfen da ke rufe ƙofar ta tsaya cak.

Layin gaba ɗaya yana ƙofar. Pak Darham da sandarsa, matar liman da garin fulawa a hannu ko wankewa ba ta tsaya yi ba, masu gasa kifi da warin hayaƙi a jikinsu. Babu mai magana, kowa ya san a ƙarƙashin rufin da yake tsaye. Wani ma ya zaune a kan babur ɗinta kamar nasa.

Acil Sinah ce a gaba, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da zanen wanka a kafaɗa. Ta dubi hular, ta dubi jakar, sannan ta dubi Mahrita.

"Da gaske ne abin da yayanki ya ce?"

"Da gaske ne, Acil. Ku zo mu tafi tare, wallahi shi ya fi mana sauƙi duka. Ni zan yi magana, ku dai..."

"Ban tambaye ki wannan ba. Za ki kira sunana?"

Mahrita ta gyara riƙon jakarta.

"In an tambaye ni, ba zan yi ƙarya ba."

Tsohuwar ta gyaɗa kai kamar wadda dama amsar da take jira ke nan. Ta zare zanen daga kafaɗarta ta shimfiɗa a kan dokin ƙofa, daga wannan bango zuwa wancan. Ta dafa gwiwa, ta sauka a hankali, ta miƙe a kansa tsawonta, ta tare hanyar kaf.

"Acil, don girman Allah tashi, ƙasa ce!"

"Ranar da uwarki ta rasu kina cikin tsumma, duk layin nan wa ya ba ki nono?"

"Ke ce."

"To ga ni." Muryarta raɗa ce, amma har na bakin titi ya ji. "Ofishin yana nan bai gudu ba. Tsallake ni ki wuce."

Babu wanda ya motsa. Mahrita ta dubi fuskar da ke kwance a gaban takalmanta, ta juya ta dubi ƙofar ɗakin Abah. Ta ɗora hular a kanta, ta ja igiyar ta ɗaure a haɓa.

Ta ɗaga ƙafarta ta dama.